Yaƙin Kálmán da Ciyawar Kaka

Ranar Talata, da ƙarfe bakwai na safe, a makon farko na Satumba, Kálmán Bodor ya yi atishawar da ta tashi tattabarun maƙwabta daga kan rufi. Yana tsaye ne a tsakar gida da singileti, yana bitar baitocin da zai rera ranar Asabar a bikin Réka, 'yar Vilma. Ya kai daidai wurin da amarya take neman gafarar uwarta, hancin ya ƙwace masa.

"Ta dawo," in ji matarsa Piroska daga tagar kicin.

"Wa?"

"Baƙuwarka ta kowace kaka."

"Ƙura ce. Motar burodi ce ta wuce."

"Motar burodi ba ta zuwa ranar Talata, maigida. Sa rigarka mu je wurin likita."

Kálmán shi ne jagoran biki na ƙauyen Kisdarva tun Piroska ba ta da furfura ko ɗaya. Shi ke zuwa da sandarsa mai zirin ƙyallaye ya roƙo amarya daga hannun iyayenta, shi ke yi mata bankwana da gida cikin waƙe, shi ke shigo da kowane abinci da baitinsa. A faɗarsa, daga nan har bakin kogin Tisza babu wanda ya kai shi iya sa mata kuka. Sai dai bara, a bikin ɗan mai kai wasiƙu, atishawa ta yanka masa baitin bankwana gunduwa-gunduwa, har uwar amarya da ta tanadi hankici don hawayenta ta ƙare da miƙa masa shi. Tun daga nan matan ƙauye suka fara ambaton Levente, wani matashi na ƙauyen gaba mai gashi a kwance da murya garau. Vilma ce shugabar matan da ke girkin biki, kuma jagoran da ta ɗauka shi kowa ke ɗauka. Da ƙyar ta ba Kálmán bikin 'yarta, shi ma da sharaɗi: atishawa ɗaya a tsakiyar baiti, ya rataye sandar.

"Levente abokin ango ne," ta ce masa a lokacin. "Zai zo cin abinci. Ba sai na aika nemansa ba."

Likita Etelka ta leƙa hancinsa, ta ja fatar idonsa ƙasa, ta koma ta zauna.

"Kawu Kálmán, abin da na gaya maka bara ne, da bara waccan. Ciyawar parlagfű ce ta yi fure, jikinka kuma ba ya shiri da garin furenta. Ga ƙwaya, ɗaya kowace safiya, ba ta sa barci. Ga na fesawa a hanci. Ka riƙa rufe taga da hantsi, lokacin ne garin ya fi yawa a iska. In ka dawo daga waje ka canja kaya, ka wanke kai, ka wanke gashin bakin nan."

Kálmán ya kai hannu ya kare gashin bakinsa kamar ta ce za ta aske shi. Kowace safiya sai ya murza shi da kakin zuma har bakunan biyu sun miƙe tamkar ƙahon bijimi.

"Me gashin bakina ya yi miki?"

"Shi ne tsintsiyar da ke tara maka garin a ƙofar hanci."

"'Yata, lokacin da nake yankan alkama da lauje, babanki bai fara zance da mamarki ba. Yanzu ciyawa ce za ta kayar da ni?"

"Ta riga ta kayar da kai, Kawu. Ni tashinka nake nema."

Suna fita ya miƙa wa Piroska maganin. "Ajiye wa masu raunin jini," ya ce.

Kafin su kai gida dabara ta zo masa, kuma kamar kullum ya yi mamakin yadda duk likitocin ƙasar suka kasa hango ta. Ai ita ma allurar rigakafi cutar ake ɗan saka wa mutum don jiki ya saba. To, zai horar da hancinsa yadda ake horar da ɗan doki da linzami. Kafin Asabar hancin ya san ubangidansa.

Ranar Laraba ya tsinko dami guda na ciyawar a gefen hanya, ya je ya zauna da shi a bencin ƙofar kanti, inda kowa zai gani. Gedeon na nan zaune, abokinsa tun firamare, wanda ke dafa naman biki a babbar tukunya.

"Kai, wa ya mutu ka tsinko masa furanni?" in ji Gedeon.

"Kimiyya ce. Ba za ka gane ba, kai tukunya ka karanta."

"Na dai karanta cewa abin da ya ƙona ni ba na sake taɓa shi."

"Shi ya sa ka tsufa a gindin murhu. Kalli nan."

Ya tusa fuskarsa cikin damin, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya taso. Na ɗan lokaci babu abin da ya faru, ya ɗago yana murmushin nasara. Sannan atishawa ta fara. Ta farko ta cire masa hula. Ta biyu ta tura hular cikin kwata. Daga nan Gedeon ya ja jiki can ƙarshen bencin, karen mai kanti ya shige ƙarƙashin mota.

"Cutar ce take fita," in ji Kálmán tsakanin biyu.

"To ta je ta fita a ƙofar gidanka mana," in ji mai kanti, ta rufe ƙofarta.

Kafin azahar idanunsa sun zama tumatir. Ya koma gida yana lalube, ya ɗora tukunya, ya zuba busasshen furen kamilla da ake shayi da shi, cike da hannu biyu, ya ɗauko tawul zai yi sirace.

"Kada ka yi," in ji Piroska. "Kamilla da ciyawar nan dangi ne. Mai wannan ciwo sau da yawa ba ya shiri da ita. A rediyo aka faɗa."

"Kakata da kamilla ta tsufa tukuf."

"Kakarka ba ta shaƙar ciyawa a ƙofar kanti."

Ya shige ƙarƙashin tawul. Da ya fito, idon hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama kuma saura ɗan tsagi kamar bakin asusu. Ya ce zafin ne ya yi yawa, maƙogwaro na neman sanyi, ya fasa kankana ya cinye rabi. Leɓɓansa suka ɗauki ƙaiƙayi, ganɗarsa ta ɗauka, har cikin kunnuwa. Piroska ta same shi yana sosa cikin bakinsa da gindin cokali.

"Ita ma kankanar, rediyo ta ambace ta," ta ce.

"Kankanar bana ce ba ta da kyau. Taki ya yi mata yawa."

Ranar Alhamis matan ƙauye suka taru a rumfar gidan Vilma suna murza ƙananan taliyar da ake zubawa a romon biki, kowace da ɗan katakonta da tsinkenta. Kálmán ya so ya wuce ta ɗaya gefen titin, da baƙin gilashi da hula a kife, amma Vilma ba ta makance ba.

"Maƙwabci! Zo nan. Cire gilashin."

"Idanuna na hutawa kafin Asabar. Manyan mawaƙa haka suke yi."

"To yi mana baiti ɗaya mu ji."

Ya gyara tsayuwa, ya dafa ƙirji, ya fara. Muryar ta fito ta toshasshen hanci tamkar agwagwa ta shiga tulu. Wata tsohuwa ta saki tsinkenta don dariya. Wata ta ce in haka zai yi wa Réka bankwana, yarinyar za ta bar gidan da gudu, ba sai an ja ta ba.

Vilma ba ta yi dariya ba. "Kálmán, 'yata ɗaya ce. Angon nan Márton ciwonku ɗaya da shi, shi da uwarsa, amma su suna shan ƙwayarsu kamar masu hankali. Daga Szeged za su zo, mutanen birni ne. Kada ka kunyata ni."

"Ni? Ki rubuta ki ajiye. Ranar Asabar ba ni kaɗai ba, babu mai yin atishawa a tantinki. Ina da shiri."

"Shirin nan naka ne yake hana ni sukuni."

Gaskiyar magana, a lokacin ba shi da wani shiri. Bakinsa ne ya riga shi. Amma ranar Juma'a da yamma aka kafa tanti a filin bayan zauren ƙauye, aka jera tebura, aka shimfiɗa fararen ƙyallaye, aka naɗe hankicin tebur a kan kowane faranti, aka ɗage gefunan tantin don iska ta shiga. Kálmán ya zo duba wurin da zai tsaya, sai tsagin idonsa ya hango abin da ke bayan tantin. Gonar wasu ce da suka tafi aiki Jamus suka bar ta ba noma. Ciyawar ta kai ƙirji, kawunanta sun yi nauyi da rawayan gari.

Ya tsaya ya daɗe yana kallonta. Ashe kuskurensa ɗaya ne: ya tsaya yana lallashin abokin gaba. Janar na ƙwarai ba ya sabawa da maƙiyi, share shi yake yi.

Asabar da safe kowa yana gidan Vilma, ana fige kaji ana gyaran amarya. Kálmán ya saɓi dogon laujensa da manjagara. Bai fito da wuri ba, ya jira raɓa ta bushe tukuna, don ba ya son jiƙa takalmi. Gedeon kaɗai ne a filin, yana hura wuta a gindin tukunyarsa.

"Ina zuwa da lauje ranar biki?"

"Kyautata ce ga amarya. Kada ka gaya wa kowa."

Gedeon ya dubi gonar, ya dubi tantin, ya lasa yatsa ya ɗaga sama. "Mutumina, a watan Yuni ake yanke ta, kafin ta yi fure. Yanzu kaɗe ta kawai za ka yi. Ga iska kuma tana busowa nan."

"Mai yanke ta a Yuni matsoraci ne, jaririya yake kai wa hari. Ni na bari ta girma mu gwada ƙarfi."

"Ni dai bari in rufe tukunyata."

Kálmán ya shiga. Ya iya lauje, wannan ba a ƙwace masa ba. Kowane sara sai rawayan hayaƙi ya tashi, ya yi sama kaɗan, ya juya a hankali ya shige tantin ta gefen da aka ɗage. Yana sara yana atishawa yana zagin ciyawar da uwarta. Da ya gama ya bi da manjagara, yana ɗaga kowane tari yana girgizawa don ƙasa ta zube, ya jibge shi duka a jikin bayan tantin inda baƙi ba za su gani ba. A ƙarshe ya cire hularsa ya kakkaɓe ta a jikin ginshiƙin tantin, daidai kan teburin amarya da ango.

Sai ya lura da wani abu. Atishawar ta tsaya. Hancin ya kumbura ya toshe har ita kanta ta rasa hanyar fita. Ya ja iska ta baki, ya bugi ƙirji.

"Ka ji? Shiru. Ta miƙa wuya."

"Ka ga fuskarka kuwa?" in ji Gedeon.

A gida Piroska ta tare shi a ƙofa. "Ya Ubangiji! Ka zama kamar an tsoma ka a ƙwai. Shiga wanka."

"Babu lokaci, ango ya kusa."

"Ko kan ne ka wanke. Ko gashin bakin."

"Ki bar min gashin baki."

Ya goge fuska da tawul, ya sa farar riga da baƙar falmaran, ya ƙara wa gashin bakin sabon kaki a kan tsohon, ya manne garin a ciki. Ya mayar da hular nan dai, ya ɗauki sanda.

A gidan Vilma ya tarbi Márton da runguma, kunci da kunci, dama da hagu. Ya sumbaci hannun uwar ango, gashin bakin ya share mata wuyan hannu. Sannan ya tsaya tsakanin ango da amarya ya fara baitin bankwana, yana jijjiga kai a ƙarshen kowane layi, hular tana zubar da abin da ta ɗauko. Muryar agwagwa ce har yanzu, amma bai tsaya ba ko sau ɗaya. Bai kai rabi ba idanun Márton suka yi ja, hawaye suka fara sauka. Uwarsa ta ciro hankici.

Kálmán ya raɗa wa Piroska a hanyar coci: "Kin gani? Har ango. Mutanen birni ma. Levente ya taɓa sa namiji kuka?"

A coci Márton ya amsa wa limamin cocin da ƙyar, yana murza ido da bayan hannu. Réka tana ta kallonsa, ta kasa gane ko so ne ko nadama.

Aka zo tanti. Baƙi suka zazzauna, kowa ya ɗauki hankicin teburinsa ya warware, ya kaɗa. Wata ƙura mai laushi ta tashi daga tebur zuwa tebur, hasken rana yana ratsa ta. Daga can ƙarshe wani ya yi atishawa. Wata ta amsa masa daga gefen makaɗa. Mai busa sarewa ya yi tasa a cikin sarewar, ta yi ƙara kamar an taka kyanwa. Ba kowa abin ya kama ba, amma waɗanda ya kama sun isa su cika tantin da amo. Márton ya kifa kai a tebur. Idanun uwarsa suka fara kumbura, kwalliyarta tana gangarowa kumatu.

"Na sha ƙwayata," tana faɗi, "wallahi na sha ƙwayata da safe."

Vilma ta shafa yatsa a kan farin ƙyallen tebur, ta ɗago. Rawaya.

"Daga ina wannan? Jiya da hannuna na shimfiɗa su."

Gedeon, da ke bakin tantin da ludayi, ya dubi sama. Ba sai ya ce komai ba, don Kálmán ya riga ya buga sandarsa a ƙasa sau uku.

"Jama'a, ku kwantar da hankali! Na so in ɓoye har bayan cin abinci, amma alheri ba ya ɓuya. Wannan da kuke gani ragowar gawar maƙiyi ce. Da safen nan, ni kaɗai, da laujena, na shafe gonar parlagfű da ke bayan nan. Ko tsinke ban bari a tsaye ba. Kyautata ke nan ga Réka da Márton."

Ya dakata don tafi. Abin da ya samu atishawa ce daga tebur na uku.

Vilma ta taka zuwa bayan tantin, ta ɗaga labulen. Tarin ciyawar ya kai kafaɗarta. Ta sake shi, ta dawo a hankali.

"Yau ka yanke ta."

"Yau ɗin nan."

"Tana cikin fure. Tanti a buɗe. Iska tana busowa nan."

"Iska ba a ƙarƙashina take aiki ba, Vilma."

"Surukina ba ya iya buɗe ido ya ga matarsa!"

"Zai saba. Ni ma haka na fara." Ya ɗaga yatsa. "Kuma ki lura da kyau, a gaban shaidu. Tun safe nake baiti, ko atishawa ɗaya ban yi ba. Sharaɗinmu a kaina yake, ba a kan baƙinki ba."

Gaskiya ce, bai yi ba. A teburin abokan ango Levente yana zaune, idonsa fes, yana gutsurar burodi.

"Kawo romon," in ji Vilma ta cikin haƙora. "Mutane na jin yunwa. Ni da kai sai an jima."

Kálmán ya maƙale sandar a hammata, ya karɓi babbar tasar romon kaza daga hannun mata, ya ɗago ta daidai ƙirji yadda al'ada ta ce, ya taka zuwa teburin ango da amarya. Ya sa aka buɗe murfin. Ya fara:

"Ku ba da hanya, jama'a, ga romo ya iso,
Kazar da ta fi ƙiba a ƙauye ita muka dafo,
Wanda ya sha cokali guda, ƙarfinsa ya dawo..."

Tururin romon, da zafinsa da barkononsa, yana hawa kai tsaye cikin hancin da ya wuni a toshe. Kálmán ya ji wani abu ya motsa can ciki, kamar an zare sakata. Ya ƙanƙame tasar. Ya cije harshe. Ya ɗaga kai sama, bakunan gashin bakin suna rawa. Duk tantin ya yi tsit ana kallonsa, har masu atishawa sun dakata.

"Wanda ya sha... wanda ya... ya..."

Atishawar wuni guda ce ta fito a dunƙule. Hular ta tashi. Rabin romon ya bar tasar ya sauka a cinyar uwar ango, taliyar da mata suka murza da hannu ta watsu a kan rigarta ta birni. Wani farin abu kuma ya fito daga bakin Kálmán ya faɗa cikin sauran romon, tsulum.

Gedeon ya matso, ya sa ludayi, ya ɗago. Haƙoran roba ne na sama, jere guda, waɗanda Kálmán ya sha rantsuwa a ƙofar kanti cewa nasa ne na haihuwa.

"Wannan naman na wane ne?" in ji Gedeon. "Ba daga tukunyata ya fito ba."

Kálmán ya yi yunƙurin ƙarasa baitin. Leɓen sama ya shige ciki, gashin bakin ya rufto a kai, abin da ya fito iska ce da wata atishawar. Bayanta wata ta biyo, da wata.

Vilma ta zare sandar daga hammatarsa ta miƙa wa Piroska. "Kai shi gida, 'yar uwa. Ki haɗa da wannan." Ta juya. "Levente, ɗana, ka ƙoshi da burodin? Tashi."

Aka kwashe tebura zuwa cikin zauren ƙauye, aka rufe tagogi, aka canja ƙyallaye. Uwar ango ta ci abinci sanye da rigar Vilma. Levente ne ya shigo da kabeji da nama da sauran abincin. Bukukuwan da suka rage a Kisdarva a kakar nan, duka shi aka ba.